Histamin da Zuciya: Wace Dabba Ce Ke Faɗin Gaskiya a Ɗakin Gwaji?

Shin histamin cutar da zuciya yake yi, ko taimakonta? Kuma ƙwayoyin borin jini da ake sha don a danne shi, kariya ce ga zuciya ko haɗari? Tambayar ta daɗe tana yawo a shafukan sada zumunta. Wani zai rubuta cewa faɗuwar gaban da ke tashinsa da tsakar dare histamin ne ya taru masa a jiki. Wata ta ce ta daina shan maganin atishawa da ƙaiƙayi tun da ta ji an ce yana tsayar da zuciya. Wani kuma ya zo da nasa labarin, wai maganin gyambon ciki yana gyara zuciyar da ta gaza. In ka matsa wa kowannensu da tambaya, hujjar guda ce: ai an gwada a kan dabbobi.

An gwada ɗin kuwa, sama da shekara ɗari ke nan ana gwadawa. Sai dai kalmar "dabbobi" ta haɗiye abubuwa uku da duk amsar ta rataya a kansu: wace dabba, wane ɓangare na zuciyarta, sannan zuciyar tana cikin ƙirji ne ko an ciro ta an rataye. Histamin ɗin da zai sa zuciyar ɓeran masar ta kama gudu, in ka ɗiga shi a kan zuciyar ƙaramin farin ɓeran ɗakin gwaji ko gezau ba za ta yi ba. Wanda bai san da wannan ba, kowane kanun labari zai iya juya shi yadda ya so.

## Mene ne histamin, kuma a ina yake zaune?

Histamin ƙaramin sinadari ne da jiki ke sarrafa wa kansa daga histidin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Abin dariya a tarihinsa, an ƙera shi a kwalba tun kafin a san yana cikin jikin masu ƙerawar. A 1907 Adolf Windaus da abokin aikinsa Vogt suka haɗa shi a Jamus. Bayan shekara uku, a 1910, Henry Dale da Patrick Laidlaw suka fara yi wa dabbobi allurarsa a Landan suna rubuta abin da suka gani. Sai a 1927 aka ciro shi daga huhu da hanta, aka tabbatar ɗan gida ne. A 1953 kuma James Riley da Geoffrey West, a garin Dundee na Sikotland, suka gano rumbunsa: wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda Paul Ehrlich ya fara bayyanawa tun 1878.

Ƙwayoyin mast cike suke da 'yan ƙunshi-ƙunshin histamin, kuma sun fi yawa a inda jiki ke gamuwa da waje, wato fata, hanci, huhu da hanji. In sauro ya cije ka wurin ya yi ja ya tasa yana ƙaiƙayi, aikinsu ne. Akwai su a cikin zuciya ma. Sun jeru a gefen jijiyoyin jinin da ke ciyar da tsokarta, da kusa da bakin jijiyoyin saƙo masu kawo mata umarni. Ke nan ba sai zuciya ta jira jini ya ɗauko mata histamin daga nesa ba, tana da nata a ajiye. Abubuwa da dama kan fasa wannan rumbun: dafin ƙudan zuma ko fenisilin ga wanda jininsa ba ya so, mofin mai kashe zafin ciwo, wasu magungunan sassauta tsoka na lokacin tiyata, da bankomaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, in an ɗura shi da gaggawa.

## Makarɓai huɗu, da yadda zuciya ta tona asirin na biyu

Histamin ba ya aiki sai ya samu wurin maƙalewa a jikin ƙwayar halitta. Wannan wurin shi za mu kira makarɓa. An san iri huɗu, ana musu laƙabi da H1, H2, H3 da H4. Da farko kowa ya ɗauka iri ɗaya ce.

A 1937 Daniel Bovet da Anne-Marie Staub, a Cibiyar Pasteur ta Paris, suka samo sinadarin farko da ya kare ɓeran masar daga allurar histamin mai kisa. Cikin shekarun 1940 magungunan borin jini suka cika kasuwa, irin su mepiramin da difenhaidiramin. Suna tsayar da ƙaiƙayi, suna tsayar da atishawa, suna hana hanji murɗawa. Amma abubuwa uku suka ƙi jin magana. Duk yawan maganin da aka zuba, histamin bai fasa sa tumbi fitar da asid ba, bai fasa sassauta mahaifar ɓera ba, kuma bai fasa sa zuciyar ɓeran masar sauri ba. A 1966 Ash da Schild a Landan suka ce ruwa ba ya tsami banza: makarɓar da waɗannan magunguna ke toshewa a kira ta H1, sauran aikin kuwa ta wata ƙofa yake bi.

James Black ne ya samo ƙofar. Shi ne dama wanda ya ƙirƙiro furofuranolol, maganin da ke hana adirenalin zaburar da zuciya. Shi da tawagarsa a kamfanin Smith Kline & French sun shafe shekaru suna gwada sinadari bayan sinadari, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansu shi ne ɗan yankin zuciyar ɓeran masar da ke bugawa a cikin kwalba. A 1972 suka bayyana burimamaid, wanda ya hana histamin ƙara wa yankin nan gudu, suka raɗa wa makarɓar suna H2. Daga nan aka kai ga simetidin, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1976 da sunan Tagamet, ya rage yawan masu shiga ɗakin tiyata saboda gyambon ciki. Black ya samu kyautar Nobel a 1988. A riƙe wannan, don zai dawo a gaba: maganin tumbi ne, amma a kan tsokar zuciya aka auna shi.

H3 ta bayyana a 1983 a hannun tawagar Jean-Charles Schwartz a Paris, H4 kuma a 2000.

## Yadda ake tambayar zuciya ita kaɗai

Hanyar da aka fi bi tsohuwa ce, Oskar Langendorff ya tsara ta a Rostock ta Jamus a 1895. Ana sa dabbar barci mai nauyi da magani, a ciro zuciyar da sauri a tsoma cikin ruwan gishiri mai sanyi ƙarara. Nan take sai ta tsaya cak. Sai a zura siririn bututu a cikin babbar jijiyar da ke fita daga gare ta, a ɗaure da zare, a rataye ta. Ta bututun nan ake sakin wani ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, wanda aka haɗa da gishiri, sukari, kalsiyam da fotasiyam, ana hura masa iskar oksijin. Ruwan yana turowa ta baya, sai ya rufe murfin babbar jijiyar, ya rasa hanya sai ta ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar. Ido na kallo jinin zai wanke, launinta ya koma fari-fari daga ja wur, ta ɗan motsa sau ɗaya, sau biyu, sai ta kama bugawa. Ba ƙwaƙwalwa, ba huhu, ga ta tana lilo a jikin bututu tana aikinta, ruwa na ɗiga daga tsininta.

Ruwan da ke ɗiga ɗin ma ba a zubar da shi. Yawansa shi ke nuna ko jijiyoyin sun buɗe ko sun matse, kuma a cikinsa ake auna abin da zuciyar ta fitar. Ana cusa ɗan balan-balan a ɗakin ƙasa na hagu don auna ƙarfin matsa, a maƙala wayoyi don ɗaukar zanen lantarkin bugun.

Wani lokaci ba a buƙatar zuciyar duka. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. A ɗakin sama na dama mafarin bugu yake, wato tarin ƙwayoyin da ke kunna kowane bugu, shi ya sa in aka yanko wannan ɗakin shi kaɗai zai ci gaba da bugawa da kansa a kwalba. Na hagu kuwa sai an riƙa taɓa shi da lantarki. Da na dama ake auna sauri, da na hagu ake auna ƙarfi.

## Abin da ɓeran masar ya nuna

A zuciyar ɓeran masar histamin yana aiki kusan a kowane lungu, kuma ba duka ayyukan ke tafiya gefe ɗaya ba.

A mafarin bugu, makarɓar H2 ce ke amsawa, bugu ya ƙaru. A ɗakunan ƙasa ma H2 ce, tsoka ta riƙa matsa da ƙarfi. Yadda abin ke faruwa a cikin ƙwayar shi ne makarɓar tana sa a samar da wani ɗan aike da ake kira cAMP, shi kuma ya sa kafofin kalsiyam su buɗe sosai, kalsiyam ya kwarara ciki, tsoka ta ƙara damƙa. Wannan ita ce hanyar da adirenalin ma yake bi, ƙofar shiga ce kawai ta bambanta. Ana tabbatar da haka cikin sauƙi: a zuba furofuranolol, adirenalin ya daina aiki amma histamin ya ci gaba, a zuba simetidin, histamin ya yi shiru, adirenalin yana nan daram.

Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai wata 'yar gada da kowane saƙon bugu ke bi. A nan H1 ce ke iko, kuma jinkirta saƙon take yi. To ka haɗa biyun. Sama tana ta aiko da bugu a guje, gadar kuma ta ƙuntata. Sai wasu bugun su maƙale ba su isa ƙasa ba, zanen lantarki ya nuna giɓi. A lokaci guda H2 tana tunzura ƙwayoyin ƙasa waɗanda ba aikinsu ne fara bugu ba, su ma su fara nasu. A nan rikicewar bugu ke samo asali, kuma an nuna cewa histamin yana rage ƙarfin lantarkin da ake buƙata kafin ɗakunan ƙasa su faɗa cikin karkarwa mai kisa. A ɗakin sama na hagu kuma, sai ga H1 ita ce ke ƙara ƙarfin matsa. Zuciya ɗaya, ƙarama ƙwarai, amma kowane ɗaki da makarɓar da yake sauraro.

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya sun fi komai ruɗarwa. H1 da ke jikin tsokar jijiyar matse ta take yi. H1 da ke jikin siririyar shimfiɗar cikin jijiyar kuwa sa ta take ta saki naitirik oksaid, wanda ke buɗe ta. H2 ma buɗewa take yi. Saboda haka sakamakon ya danganta da lafiyar shimfiɗar nan. Wani gwaji da Hiroaki Shimokawa da abokan aikinsa suka wallafa daga Japan a 1983 ya fito da wannan fili. Sun kankare shimfiɗar wani ɗan yanki na jijiyar zuciyar ƙananan aladu, suka ciyar da su abinci mai yawan kwalastarol na watanni. Da aka sa histamin, daidai wurin da ya lalace ne ya shaƙe, sauran jijiyar ba ta yi haka ba, kuma maganin H1 ya hana shaƙewar. A ganina wannan na cikin gwaje-gwajen da suka fi kusa da rayuwar mutum, don yana nuna cewa sinadari ɗaya zai wuce lafiya a jijiyar saurayi, ya zama masifa a jijiyar da kitse ya daɗe yana ci.

## Sauran dabbobin ba su yarda ba

A zomo, tsarin kusan juyawa ya yi: ɗakunan sama H2, na ƙasa kuwa H1 ce ta fi ɗaukar nauyin ƙara ƙarfi. A babban ɓeran ɗakin gwaji da ƙaraminsa, tsokar zuciya da kyar take kula histamin kai tsaye. Ɗan motsin da akan gani a babban ɓera yawanci ta bayan gida yake zuwa: histamin ya sa jijiyoyin saƙo su saki noradirenalin, ɗan uwan adirenalin, shi ne ya yi aikin, kuma da an toshe hanyarsa motsin ya ɓace. Ɓerayen nan ma a jikinsu gaba ɗaya suna da juriyar histamin, abin da zai kashe su ya ninka wanda zai kashe ɓeran masar fiye da sau ɗari in an auna da nauyin jiki.

Bambancin bai tsaya a makarɓa ba. Zuciyar mutum na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, ta ɓeran masar sama da 200, ta babban ɓera 300 zuwa 400, ta ƙarami kuwa tana kaiwa 500 zuwa 600. Zuciyar da ke bugawa sau goma a daƙiƙa ɗaya dole tsarin lantarkinta ya bambanta, ta kunna ta kashe cikin ƙiftawa. Ta ɓeran masar da ta zomo da ta kare sun fi kama da tamu wajen tsawon lokacin da ƙwaya ke ɗauka kafin ta huce, da kuma irin kafofin fotasiyam da take amfani da su wajen hucewar.

Mutum fa? Ana samun 'yan guntayen tsokar zuciyar mutum daga ɗakin tiyata, waɗanda dama cirewa ake yi, a rataye su a kwalba kamar na dabba. Suna amsa histamin, ƙarfinsu ya ƙaru, kuma ta H2. Wato a wannan fannin mun fi kusa da ɓeran masar nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma ɗakinsa na sama na hagu ya saɓa da namu.

Mai karatu zai ce, to me ya sa yawancin binciken yau a kan ƙaramin ɓera ake yinsa? Saboda yana haihuwa da wuri, riƙonsa ba tsada, kuma shi ne aka fi iya taɓa ƙwayoyin gadonsa, a cire wannan a dasa wancan. Masu bincike a Halle ta Jamus sun bi ta nan: suka dasa wa ɓeraye makarɓar H2 ta mutum a tsokar zuciya. Zukatan da a da ba sa jin histamin suka koma suna gudu suna matsa da zarar an ɗiga shi, rikicewar bugu ma ta bayyana. Dabara ce mai kyau. Amma ɓeran da aka cika wa zuciya da makarɓar da ba tasa ba, abin da yake nunawa shi ne abin da makarɓar za ta iya yi. Nawa take yi a ƙirjin mutum, wannan wani awon ne daban.

## In zuciyar na cikin jiki, lissafi ya canza

Tun 1910 Dale da Laidlaw suka ga cewa allura ɗaya tana kashe dabbobi ta hanyoyi daban-daban. Kyanwa da kare, ƙarfin jininsu ne ke faɗuwa warwas. Zomo, nasa hawa ma yake fara yi. Ɓeran masar kuwa hanyoyin iskar huhunsa ne ke shaƙewa, ya mutu da rashin numfashi. Bincike na baya ya ƙara fayyacewa: a kare jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta ne ke matsewa, jini ya taru a ciki ya ƙi komawa zuciya, a zomo jijiyoyin huhu ne ke matsewa, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaza.

Don haka in aka ce an yi wa dabba mai rai allurar histamin zuciyarta ta ƙara gudu, gudun yana iya fitowa daga wuri uku. Akwai aikin H2 kai tsaye a mafarin bugu. Akwai martanin jiki: ƙananan jijiyoyi sun buɗe, ƙarfin jini ya sauka, ma'aunan da ke jijiyoyin wuya suka kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba zuciya umarnin ƙara sauri. Akwai kuma adirenalin, domin tun 1926 Burn da Dale suka nuna cewa histamin yana sa 'yan halittun da ke saman ƙoda su sake shi. Mai binciken da bai raba waɗannan ukun ba bai ce komai a kan zuciya ba tukuna.

## Borin jini a cikin zuciyar kanta

Borin jini mai tsanani, wanda likitoci ke kira anafilaksis, Charles Richet da Paul Portier ne suka fara bayyana shi a 1902, a kan karnukan da aka yi wa allurar dafin wata halittar teku sau biyu. An daɗe ana ɗaukar zuciya a matsayin wadda abin ya rutsa da ita kawai, wato huhu ya toshe, jini ya sauka, ita kuma ta wahala. Aikin Roberto Levi a Jami'ar Cornell ta New York, daga shekarun 1970, ya nuna ita ma da hannunta a ciki.

Ana yi wa ɓeran masar allurar furotin ɗin farin ƙwai, a bar shi makonni kaɗan jikinsa ya ɗauki furotin ɗin a matsayin abokin gaba. Sannan a rataye zuciyarsa a na'urar Langendorff, a ɗiga furotin ɗin a ruwan. Cikin daƙiƙoƙi sai ta kama gudu, ƙarfinta ya ɗan haura, gadar tsakiya ta fara riƙe saƙo, bugu ya rikice, ɗigar ruwa ta ragu, daga nan ƙarfin ya faɗi ya daɗe bai dawo ba. In aka auna ruwan da ya ɗiga, ga histamin nan a ciki, na zuciyar kanta.

Ga inda gizo ke saƙar. Maganin H2 yana rage gudun da rikicewar, na H1 yana sassauta gadar. Amma matsewar jijiyoyi da doguwar faɗuwar ƙarfi ba sa tafiya, domin ƙwayoyin mast da 'yan uwansu ba histamin kaɗai suke zubarwa ba. Akwai lukotirin, akwai turomboksen, akwai wasu. A ɓangaren mutane, likitan Girka Nicholas Kounis ya bayyana a 1991 irin wannan yanayi, inda borin jini ke jawo ciwon ƙirji da shaƙewar jijiyar zuciya, har ake kiran larurar da sunansa.

## Maƙiyi ne ko mai ceto?

Masu bincike sun rabu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa a hannu.

Masu ganin ɓarnarsa suna cewa tunda H2 hanyar adirenalin take bi, kuma an san cewa yawan zaburar da zuciya mai rauni ta wannan hanya ƙarasa ta yake yi, to toshe H2 zai iya zama hutu gare ta, kamar yadda magungunan toshe adirenalin suka zama. An ga alamar haka a karnukan da aka jawo wa gazawar zuciya aka ba su famotidin, wani maganin gyambon ciki mai toshe H2, da ɓerayen da aka cire wa makarɓar H2. A 2006 wani ƙaramin gwaji a Japan ya nuna sauƙi ga masu gazawar zuciya da aka ba famotidin, a 2016 kuma wani dogon bibiyar mutane a Amurka ya ga cewa masu shan magungunan H2 sun fi ƙarancin kamuwa da ita. Daga nan labarin "maganin gyambon ciki yana gyara zuciya" ya samo tushe. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙaramin gwaji da bibiya ishara ce kawai, kuma famotidin ba ya cikin magungunan da aka amince a yi wa gazawar zuciya magani da su.

Ɗaya ɓangaren suna nuni da H3. Tana zaune a bakin jijiyoyin saƙo, kuma aikinta birki ne. Idan jini ya yanke wa tsokar zuciya, jijiyoyin nan kan yi ambaliyar noradirenalin, wanda ke haddasa rikicewar bugu. Tawagar Levi ta nuna a shekarun 1990 cewa histamin ɗin da ke fita a lokacin yana kama H3 ya rage ambaliyar. Sannan akwai ɓerayen da aka cire wa ikon sarrafa histamin gaba ɗaya: a wasu gwaje-gwajen da aka ɗaure musu jijiyar zuciya, ɓarnar da suka samu ta fi ta ɓerayen da ke da histamin ɗinsu, domin aikin share matattun ƙwayoyi da gyaran wurin ya samu tangarɗa.

Ni dai ban ga saɓani na gaske a nan ba. Ɗaya yana magana a kan makarɓa guda cikin watanni, ɗayan a kan wata makarɓar cikin mintuna ko kwanaki.

## Magungunan da suka yi ɓarna ta wata ƙofa

Tsoron da mutane ke yi wa ƙwayoyin borin jini yana da tarihi. Tsofaffin magungunan suna sa barci. A 1985 aka amince da tafenadin a Amurka, da sunan Seldane, ana murnar an samu wanda ba ya sa gyangyaɗi. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Bayan 'yan shekaru aka fara samun masu shansa suna suma, wasu suna mutuwa, da wata irin rikicewar bugu mai haɗari, musamman in sun haɗa shi da ketokonazol na maganin fangas, ko da eritiromaisin mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ƙwayoyin zuciyar kyanwa ne suka warware matsalar. Raymond Woosley da tawagarsa suka nuna a 1993 cewa tafenadin yana toshe wata kafar fotasiyam da ƙwayar zuciya ke hucewa ta cikinta bayan kowane bugu. A al'ada hanta tana canza kusan dukkan maganin zuwa wani sinadari kafin ya kai zuciya, kuma wannan sinadarin ba ya taɓa kafar. Magungunan can biyu su ne ke hana hanta aikinta, sai ɗanyen maganin ya taru. Aka mayar da sinadarin da hanta ke samarwa magani mai zaman kansa, shi ne feksofenadin, aka janye tafenadin daga kasuwar Amurka a 1998, astemizol, wani maganin borin jinin mai irin wannan matsala, ya bi shi a 1999. A lura, makarɓar histamin ba ta da hannu a wannan ɓarna ko kaɗan. Kuma kafar fotasiyam ɗin nan ba ta da wani babban aiki a zuciyar ɓera, don haka gwaji a kansa ba zai nuna haɗarin ba. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na 2005 suka wajabta a gwada sabon magani a kan wannan kafar, da kuma dabbobin da zuciyarsu ke amfani da ita, irin su kare, zomo ko ɓeran masar.

Tsofaffin magungunan ma ba abin wasa ba ne in an wuce ƙima. A Satumbar 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wata gasar shan Benadryl da yawa ta bazu tsakanin matasa a TikTok. Difenhaidiramin da ke cikinsa, in ya yi yawa, yana sa zuciya gudu, yana toshe kafofin lantarkinta, yana jawo farfaɗiya da mutuwa.

## Abin da ya shafi mai shan magani

Ga mai lafiyar zuciya, setirizin, loratadin da feksofenadin a ƙimar da aka rubuta ba su da irin matsalar tafenadin. Mai ciwon zuciya, mai ciwon hanta ko ƙoda, da wanda ke shan magunguna da yawa, shi ne ya kamata ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani kafin ya ƙara wani. A duba kwalin maganin mura da kyau, domin da yawa ana haɗa su da sudo'efedirin mai buɗe hanci, kuma sau tari shi ne ke sa gaba faɗuwa da jini hawa, a ɗora wa maganin borin jini laifi. Wanda zuciyarsa ke yawan bugawa ba dalili, zanen lantarki na ECG da gwajin jini ne za su faɗa masa dalili. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da damuwa duk sun fi histamin yawan jawo haka.

Inda gwajin dabbobi ya fi amfanar kowa shi ne lokacin borin jini mai tsanani: kumburin leɓe ko harshe, numfashi da kyar, jiri, bayan harbin zuma ko allura. Zuciyar ɓeran masar ta riga ta nuna cewa toshe histamin kaɗai ba ya tsayar da abin, balle ƙwayar da sai ta narke a ciki kafin ta fara aiki. Maganin farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya, da gaggawar zuwa asibiti. Kafin taimako ya iso, a kwantar da mutumin a ɗaga ƙafafunsa, sai dai in numfashi ya fi damunsa, a bar shi a zaune da ƙafafu a miƙe. Kada a tayar da shi tsaye ko a sa shi tafiya ko da ya ce ya ji sauƙi. Jijiyoyinsa sun buɗe, jini ya taru a cikinsu kamar yadda ya taru a cikin karnukan nan da jijiyoyin hantarsu suka matse, kuma in ya miƙe farat ɗaya ɗan jinin da ke komawa zuciya zai iya yankewa, ta yi ta matsa ba komai a cikinta.